Zaman da Kawu Isa Ya Koya Mini

Wata Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu a Gummi, na fasa wa wani ɗan ajinmu, Sahabi, baki a filin makaranta don ya ture ni muna langa. Karo na uku ke nan da na yi wa wani rauni, hedimasta ya aiko gida cewa in na sake, kada in koma. Inna ta yi kuka, Baba ya ɗauko dorina, sai ƙanen Inna, Kawu Isa, ya ce a bar masa ni.

Na ɗauka fadama zai kai ni korar tsuntsaye a shinkafa. Ashe tabarma zai shimfiɗa gindin darbejiya bayan sallar asuba, ya ce in tanƙwashe ƙafa, in miƙe baya, in ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi a hankali. Na tambaye shi ko addu'a ce, ya ce a'a. Ko magani ne, ya ce a'a. Wai wani malaminsu Ba'indiye ne ya koya musu a sakandare. Inna kan leƙo daga madafa ta ce ita ba ta taɓa ganin horo da zama ba. Ni ma ban gane ba. Ƙafata tana sagewa, tururuwa na hawa na, awaki na kukan a kwance su, ina ƙirga numfashi ina ɓacewa. In mun tashi, abin da yake cewa kawai shi ne, "Gobe ma ka zo."

Muna haka har damina ta sake zagayowa. Ranar da Sahabi ya jefa takalmina a kududdufi, zafi ya taso mini har wuya, hannuna ya dunƙule, sai na tsinci kaina ina jan iska. Kafin in ƙirga biyar hannun ya saki. Na shiga ruwan na ɗauko takalmin, na nufi gida ina mamakin wa ya riƙe ni. Da na gaya wa Kawu, bai yaba mini ba. Ya ce, "Fushi ba zai daina zuwa ba. Kai dai ka riga shi zama."

Kawu ya daɗe da rasuwa. Yanzu ina koyarwa a Anka, safiya ta gajarce, waya da babura ba sa barin mutum ya ji numfashinsa. Duk da haka nakan zauna, ko na minti kaɗan. Har yau ban san yadda abin yake aiki ba. Na dai san ranar da na tsallake zaman, 'ya'yana ne suke fara ganewa.