Gurbi Uku a Littafin Ƙungiya

Baba ya fara da kananzir ne, da gwangwani da mazurari, a wani ɗan shago a unguwar Dilimi, cikin garin Jos. Da mata suka koma girki da gas, shi ma ya bi su. Ya sayi babbar tukunya da sikeli, yana ɗura musu a ƙananan tukwanensu. Da wannan shago ya ciyar da mu, da shi ya yi mini karatu har na zama malamar firamare.

Shi ya kafa ƙungiyar masu ƙananan shagunan gas na yankinmu, tare da wani abokinsa ɗan ƙabilar Ibo wanda kowa ke kira Sakatare, har matarsa ma. In kaya ya yi wuya a daffo, inda ake sarin gas, su biyu ne ke zuwa su yi magana a madadin kowa. In hukuma ta fito da sabuwar doka, Baba ya zumbula babbar riga, Sakatare ya ɗaura laktaye, su tafi ofis su yini a benci. Ni ce mai rubuta musu takarda. Baba ya faɗa da Hausa, in juya da Turanci. Da idonsa ya fara rauni, har hannu nake sa masa da izininsa, wata karkatacciyar alama ce mai kama da ƙugiya. Yakan ce nawa ma ya fi nasa kama da nasa.

Baba mutum ne mai taurin kai, kuma ni na gado shi, ban ɓoye ba. Lokacin yana shugaba, shi ya kawo dokar cewa duk wanda ya yi fashin taro sau uku a jere, a soke sunansa. Yana cewa masu ofis ba sa jin maganar ƙungiyar da kujerunta ke wayam. Wadda dokar ta fara ci wata bazawara ce daga unguwar Jos Jarawa, tana jinyar ɗanta a asibiti. Ta zo gidanmu ta durƙusa har ƙasa. Baba ya ce doka doka ce. Da aka soke ta, ta rasa rabonta na kaya a daffo, shagonta ya mutu, ta koma ƙauyensu. Ba mu sake jin labarinta ba.

Sai rikici ya zo ya raba garin, kowa ya san unguwar da ƙafarsa za ta taka. Ƙungiyar dai ba ta rabu ba, wurin taro yana zagayawa, kowace shekara da unguwar da ake yi. Shekarar da taron ya faɗa Gada Biyu, unguwar da mutanenmu suka daina takawa, Baba ya riga ya sauka daga shugabanci. Taron farko bai je ba, ya ce gwiwarsa ce. Na biyu ma gwiwar. Mu a gida mun san ba ita ba ce. A kan wannan hanyar aka taɓa sauke shi daga mota lokacin rikicin, ya dawo gida ba hula ba takalmi, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa mana abin da ya gani ba. Tsoro yake ji, yana kuma jin kunyar a ce yana jin tsoro. Haka taro na uku ya wuce.

Ana cikin haka hukuma ta ce a rufe duk shagon gas da ke tsakiyar gidajen mutane. Ƙungiya ta yi wata da watanni tana zarya. A ƙarshe aka amince cewa duk wanda sunansa ke cikin littafinta za a ba shi wuri a sabon fili a bayan gari. Wanda ba ya ciki, ya rufe.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, sai ga Sakatare a ƙofar gidanmu, da littafin a cikin baƙar leda. Ya yi shekaru bai shigo Dilimi ba. Rigarsa sharkaf da gumi, alhali ranar ma ana sanyi. Na kawo masa ruwa, na tsaya a bakin ƙofa.

Ya buɗe littafin a gaban Baba ya ce, “Oga Ciyaman, gobe zan kai sunaye. Wuri uku ne kawai, na taron da ba ka zo ba. Ka sa hannu, ba wanda za ya sani. Wannan doka kai ne ka kawo shi, kai za ka iya rufe ido.”

Baba ya dubi shafin, sannan ya ce, “Matar nan ta Jos Jarawa fa? Ita wa ya rufe mata ido?”

“Oga, wannan ya wuce tun da daɗewa.”

“A wurinka ya wuce. In na sa hannu yau, da wane ido zan kalle ta ranar gobe ƙiyama?”

Raina ya ɓaci, na ce, “Haba Baba! Shago fa ake magana. Ita ba ta ma san ana yi ba!”

Ya ce, “Ke, yi mini shiru. Raka shi.”

Na raka Sakatare har zaure. A nan ya tsaya, ya sake zaro littafin, ya buɗe daidai shafin, ya miƙo mini biro. Ya san na iya, ai shi ke karɓar takardun da nake sa wa hannu. Na ga gurbi uku farare a jere gaban sunan Baba. Daga ciki na ji tarinsa. Sai na ɓoye hannuna cikin hijabi, na ce, “Ka gaida gida.”

Mako biyu bayan nan aka garƙame shagon. Baba ya ɗauko sikelin ya ajiye a ƙuryar ɗakinsa, kullum da safe sai ya goge shi da tsumma. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, ramewa kawai yake yi. Mutumin da ke cika ofis da murya ya koma sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa. Ni kuwa na yi ta jin haushinsa, ina kai masa abinci ina dire kwano da ƙarfi. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai yanzu.

Da ya rasu, 'yan ƙungiya suka zo ta'aziyya mota guda, Musulmi da Kirista. Sakatare ya ja ni gefe ya ce sun soke dokar fashin taro tun taron da ya biyo baya, ba wanda ya ƙi. Yana tsammanin zan ji daɗi. Na fashe da kuka har sai da aka janye ni.

Ban san ko da na sa hannun Baba zai yafe mini ba. Wataƙila da kansa zai je ya tona. Amma wani lokaci in ina gyaran littattafan ɗalibai, sai in farga na zana ƙugiyar nan a gefen takarda, sau uku a jere.