Abla Insaf, Wadda Ba a Faɗa Mata Suna

Kafin masu dafaffen wake su buɗe tukwanensu a titunan Iskandariya, Insaf Shalabi, wadda muke kira Abla, wato Yaya, ta riga ta sauko daga tarago ta shigo asibitinmu ta ƙofar baya. Ofishinta yana can ƙasa kusa da ɗakin gwaji, babu taga, sai fanka mai ƙara. Za ta haɗa baƙin shayi da na'ana'a, ta kunna kwamfuta, sannan ta leƙa wajen Sausan mai gwaji ta ce, "To, wa da wa za mu sasanta yau?"

Magunguna take nufi. Ita ba likita ba ce, lissafi ta karanta. Idan ƙwayar cuta ta gagari magani ɗaya, likitoci sukan haɗa biyu, amma magunguna ma halin maƙwabta gare su: wasu su taimaki juna, wasu kowa ya yi harkarsa, wasu su hana juna sakat. Sausan takan zuba ƙwayar cutar majinyaci a faranti mai ramuka kamar tandar waina, kowane rami da nasa awon magungunan, a bar shi ya kwana. Abin da ya fito shi Insaf ke aunawa. Ɗalibai da yawa ta kayar da tambaya guda: wannan ya kashe rabi, wancan ya kashe rabi, in an haɗa su fa? Su ce duka. Sai ta ce, "Allah ya ba ku lafiya. Na biyun rabin abin da ya rage zai kashe. Uku bisa huɗu ke nan, kuma ba wanda ya taimaki wani. Sai an wuce nan za mu yi guɗa."

Dokarta ɗaya ce: ba a faɗa mata sunan majinyaci. Dole Sausan ta liƙe sunan kafin sakamako ya iso teburinta. "Suna yana da nauyi," in ji ta, "yakan danne sikeli." Mu da ke ɗakin magani mun sha yi mata tsiya a kan haka, har muna cewa ko katin biki aka kawo mata sai an rufe sunan amarya.

Tsiyar ta ƙare a wani lokacin sanyi, da aka yi wa mijinta Usta Fikri tiyata a ciki. Ƙwayar cuta ta shiga jininsa, ta ƙi jin duk abin da aka ba shi, aka kai shi sama ɗakin masu jin jiki. Fikri mai gyaran agogo ne, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a, da kunnensa yake cin abinci. Yakan kara agogo a kunne ya faɗi ciwonsa tun bai buɗe shi ba.

Haɗi biyu aka gwada. Na farko mai sauƙi ne a jiki. Na biyu yana da ƙarfi, amma an san ɗaya daga cikin magungunansa yana taɓa ji, kuma sau da yawa jin ba ya dawowa. Sausan ta liƙe suna yadda ta saba, ta ajiye, ta kasa haɗa ido da kowa.

Haɗin farko ya tsaya a kan iyaka. Hanyar lissafi ɗaya ta ce akwai taimako, ɗayar ta ce babu, ga kuma ramukan gefe sun ɗan bushe. Dakta Magdi, likitan da ke riƙe da Fikri, da kansa ya sauko.

"Abla, ba ni na farkon in tafi. Ai ya nuna alama."

"Alama ba hujja ba ce, Dakta. A sake duka biyun."

"A sake? Sai gobe fa ke nan. Abin da muke ba shi yanzu riƙe shi kawai yake yi, jininsa sauka yake."

"Na ji."

"Baiwar Allah, kin kuwa san ko na wane ne..."

"Kada ka faɗa." Ta dafe tebur da hannu biyu. "Mutum nawa ke kwance a sama da wannan cutar, Magdi? Ni na goge masa fuska da safe. Na fi ka son na farkon ya zama gaskiya, shi ya sa yau ban yarda da idona ba."

Magdi ya juya ya koma sama. Yini aka yi ba wanda ya iya cin abinci a ƙasan nan, kowace wayar da ta yi ƙara sai Sausan ta ruga ta ɗauka. Ni kaina na ji haushin Insaf ranar, na ce a raina taurin kai ne zai kashe mata miji.

Da gari ya waye, sabon faranti ya raba gardama. A awon da jini ke iya ɗauka, magungunan haɗin farko hana juna aiki suke yi. Da an ba shi, da an ja masa ƙasa ana zaton ana ɗaga shi. Na biyun ne ya wuce iyaka nesa. Insaf ta sa hannu, ta hau sama, ta roƙi a ɗan dakata mata kafin a ɗaura masa ruwan maganin. Ma'aikatan jinya sun ce ta sunkuya ta daɗe tana magana a kunnen Fikri, yana lumshe ido yana gyaɗa kai. Har yau ba wanda ya san abin da ta gaya masa.

Fikri ya tashi. Jinsa kuwa kaɗan ya rage, ya rufe shago.

Ke ce, Abla Insaf, wadda ba a ɗora wa sikelinta yatsa, ko da naki ne. Akwai mutane da yawa a garin nan da ke yawo da ƙafarsu saboda "a sake" ɗinki, ba su san sunanki ba, kamar yadda ba ki san nasu ba. Mun gode. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerar nan, in lissafi ya faɗi abin da ranku ke so, nan ne za ku fi tsananta bincike.

Makon jiya Abla Insaf ta yi ritaya. Muka yi karo-karo, sai rashin tunaninmu ya sa muka saya mata agogon hannu. Fikri na zaune gefenta ya karɓa, hannu ya kai shi kunne kamar yadda ya saba. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ɗaura mata shi, ya dubi bakinta.

"Yana tafiya?"

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan ƙirjinsa, inda zuciyarsa ke bugawa, ta ce da ƙarfi yadda zai gane, "Yana tafiya, Usta."