Tarihin da Aka Rubuta a Bayan Kalanda

A unguwar Magajin Gari da wuya ka sami gidan da babu wanda ya sha jan biro a hannun Malam Abdulsalam. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamare, rabi a Gayam, rabi a cikin Birnin Gwari. Mutum ne da idan ya ga kuskuren rubutu a allon shago sai ya jingine kekensa ya shiga ya yi wa mai shagon bayani. Wani mai gyaran rediyo ma sauke allonsa ya yi gaba ɗaya don ya huta.

Ranar walimar ritayarsa ya miƙe a gaban jama'a ya ce zai rubuta tarihin ƙauyukan dajin nan: wa ya sari kowane gari, daga ina ya zo, da sunayen rafuka da duwatsu da tsofaffin rijiyoyi. Aka yi ta tafi. Tun daga ranar ake kiransa Malam Mai Tarihi, shi kuma bai hana ba.

Ya fara da neman littafin rubutu. Na kasuwar gari, in ji shi, takardarsu tana shan tawada, don haka ya jira sai da wani direba ya kawo masa mai bangon fata daga Kaduna. Da littafin ya iso sai ya lura teburinsa yana rawa. Kafinta ya zo sau biyu. Daga nan ya zauna tsara tambayoyin da zai yi wa tsofaffi, suka kai ɗari da goma sha huɗu, ya ga jerinsu bai yi ba, ya sake daga farko. Da damina ya ce tsofaffi suna gona. Da bazara ya ce zafi yana sa mutum ya rikita shekaru.

Matarsa Lailatu ba mai yawan magana ba ce. Amma duk ranar da ya dawo daga jana'izar wani dattijo, idan ta miƙa masa ruwa sai ta ce, "Malam, wannan ma yana cikin waɗanda za ka tambaya?"

"Shi ne na bakwai," ya ce mata wata rana. "Allah ya jiƙansa. An yi asarar ilimi."

Ya ɗauko jerin sunayen tsofaffin da rula, ya ja layi a kan sunan, miƙaƙƙe sak.

Haka aka kwashe shekara tara. A cikinsu dajin ya canza. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama, mutane suka shigo gari da ƙullin kayansu a ka, suka raɓa a gidajen dangi. Tsofaffin da Malam yake cewa nisa ne ya hana shi zuwa wurinsu, yanzu ga su a zaurukan maƙwabta. Sai ya ce wanda aka raba da gidansa hankalinsa ba a kwance yake ba, a bari abubuwa su lafa tukuna.

Cikin waɗanda suka shigo akwai Baba Gabriel, tsohon maharbi Bagware daga wani ƙauye gaba da Kutemeshi, wanda ya haura tamanin. Yana zaune wurin 'yarsa Miracle mai ɗinki a bakin tasha. Wata Alhamis da hantsi ya dogaro sandarsa har ƙofar gidan Malam, ya zauna a benci, suka gaisa.

"Kai ne mai tarihin?"

"Ni ne, Baba. Ai sunanka ma yana cikin jerina. Kai ne na ashirin da uku."

"Saura mutum nawa a gabana?"

Malam ya ɗauko takardar ya duba. Tun daga na ɗaya har na ashirin da biyu, kowane suna da layinsa. Ya ninke takardar.

"To, na ga layi ya zo kaina," in ji tsohon. "Ɗauko abin rubutu."

Malam ya fara bayani cewa tambayoyin ba su kammala ba, littafin kuma yana cikin akwati, makullin sai an nema. Baba Gabriel bai saurare shi ba. Ya kafa ido a ƙasa ya fara: yadda kakansa ya bi sawun ɓauna kwana uku har ta kai shi wani rafi, ya ce nan zai zauna, da wanda ya zo na biyu, wani maƙeri Bahaushe, da yadda suka raba fadama ba tare da sun ji yaren juna ba. Yana faɗa yana cakuɗa Hausa da Gwaranci, ya yi gaba ya dawo baya.

Lailatu tana ji daga soro. Ta ciro kalandar bara daga bango, ta kifa masa ita a cinya, ta ɗora biro a kai, ta koma ciki.

Malam ya rubuta. Ba shi da zaɓi, domin tsohon ba ya maimaita magana. Sunayen Gwaranci bai san yadda ake rubuta su ba, ya sa su yadda kunnensa ya ji. Kafin azahar ya cike bayan takardun kalandar duka da rubutu kamar tafiyar kaza.

Da ya dubi abin da ya yi, kunya ta kama shi. Ya ƙudura gobe zai kwafe shi da kyau kafin wani ya gani. Goben kuwa sai Baba Gabriel ya dawo da tsofaffin mata biyu, kowace da nata labarin, suna katse juna. Ba a sami lokacin kwafa ba, ranar ko bayanta.

Cikin wata huɗu ya ji ta bakin mutum goma sha ɗaya. Ya kai takardun shagon kwamfuta aka buga, aka yi kwafi arba'in aka ɗinke da zare. A karatun farko ya ƙirga kuskure sittin da biyu. Kwana biyu ya ɓoye su, a na uku ya tarar Lailatu ta riga ta raba goma a gidan suna.

Daga nan ƙofar gidansa ta zama kamar kotu. Manoman da ba su taɓa zama a aji ba suna sa a karanta musu, sannan su zo su gyara wa Malam. Wannan ya ce an aurar da kakarsa ga mijin da ba nata ba, wancan ya ce rijiyarsu ta girmi ta maƙwabta. Kowa ya zo da gyara sai ya bar sabon labari. Da farko Malam yana gumi, daga baya ya sa aka ƙaro benci.

Baba Gabriel ya rasu bayan girbi. A cocin da aka yi masa addu'a, Miracle ta karanta shafin da ya jera gidajen ƙauyensu, gida bayan gida, waɗanda yanzu ciyawa ta cinye. Duk sunan da ta kira sai wani ya amsa daga cikin jama'a. Malam yana tsaye a waje ta taga tare da sauran maƙwabta, yana share ido da hannun riga.

Da aka fito wata tsohuwa ta tare shi.

"Malam, aikinka ya yi kyau. Amma rafin nan gabas da gari yake, ba yamma ba."

Ya laluba aljihu bai sami takarda ba, sai ya rubuta a tafin hannunsa, ya tambaye ta inda take zaune.