Dokar Gonar da Aka Bari

Baba ya yi damina biyu a gidana na Gusau, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu da ke bayan Kucheri. Mutumin da bai san zama ba, sai ga shi a kan tabarma tun safe yana kallon katanga. Ni malamin tarihi ne, kuma bakina ba shi da linzami. Don in ɗebe masa kewa nake ba shi labaran sarakunan da nake karantawa.

Wata la'asar na kawo masa na wani sarkin Fotugal na zamanin da. Sarkin ya gaji ƙasar da annoba ta cinye, waɗanda suka tsira sun gudu birane, gonaki sun koma daji. Shi kuma ya ja maƙwabta da yaƙi har sau uku, bai ci ko ɗaya ba. Da yunwa ta matsa, sai ya kafa doka: duk wanda ya bar gonarsa ba noma, a karɓe a ba mai nomawa. Ina ta dariya, ina cewa ga mai mulkin da ya kasa tsare manomi amma ya iya ƙwace masa gona.

Baba bai yi dariya ba.

"Wanga sarki ya yi gaskiya," in ji shi. "Gonar da anka bari ba ta kowa ba ce. Ni mi nika yi nan?"

Na ce, "Baba, ranka kake tsarewa."

"Ina ƙato ina cin hatsin kasuwa? Wanga ba rai ba ne."

Da ruwan shuka ya sauka, ya ce in nemo masa iri. Na ƙi. Na yi faɗa, na yi roƙo, na ɗauko ƙanwarsa daga Bungudu ta yi masa kuka. Ya daina zancen iri, muka ɗauka ya haƙura. Wata safiya ina aji, ya saɓa sunguminsa ya hau motar Tsafe, ya nufi ƙauyenmu.

Ya yi shuka, ya yi noman fari. A na biyu 'yan bindiga suka same shi duƙe, suka harbe shi. Mutum huɗu suka yi ƙarfin halin zuwa, suka yi masa salla a gurguje, suka binne shi a bakin gonar.

Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma haushin bakina bai sake ni ba har yau.

Da kaka ta yi, wani mai wucewa ya gaya mini geron ya yi kyau ƙwarai. Babu wanda ya je ya yanka, har da ni.