Tukunyar Mama Lin

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Mama Lin, maƙwabciyata a hawa na huɗu a gininmu na unguwar Mount Hope a New York. Ni ban shiga lakwal ba, ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. Ɗiyata Rabi ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Matan da suka san ni a wajen suna da biki sun san ba ni da saurin yabo. Amma wannan mata 'yar ƙasar Sin, wadda ba ta salla kuma ba ta jin Hausa, yau zan yabe ta a gaban jama'a.

Hayaƙi ne ya haɗa mu. Ni ƙofata kullum a ɗan buɗe take, don in san mai shiga da mai fita. Wata rana da hantsi, ana ruwan sama, na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarta. Na buga, shiru. Na sake bugawa na ce zan kira 'yan kwana-kwana, sannan ta buɗe. Ba abin da ke ƙonewa. Ganye kawai take soyawa a wata baƙar tukunyar ƙarfe mai faɗin baki, da faci a gefe. Amma ta rufe tagogi, ta cusa tsumma a kowace kafa, ta naɗe alam ɗin da ke ƙara in ya ji hayaƙi da tawul. Na buɗe taga, ta rugo ta rufe. Na sha ganin tsoro a wannan gari, irin na marar takardar zama idan an buga masa ƙofa. Nata ya girmi wannan.

Turancina na tallar atamfa ne, nata na bayan kicin ɗin gidan abincin da take aiki a ƙasan titi. Da 'yan kalmomin nan da hannu muka yi ta hira, sai da muka shekara uku kafin labarin ya fito duka. Ta girme ni kaɗan, don haka Yaya nake ce mata.

Tana yarinya aka yi juyin juya hali a ƙasarsu, masu gurguzu suka hau mulki. Ubanta ɗan ƙodago ne a gonar wani mai arziki, sai aka yanka masa gona tasa ta kansa. Kakarta an ɗaure mata ƙafafu tun tana ƙarama har suka nakasa, don haka ake yi wa mata a da, amma ita ba wanda ya taɓa ƙafarta. Aka turo malami ƙauyen, aka ce har mata su zo su koyi karatu. Ta koya. Kullum da safe na kan gan ta da jaridarsu ta Sinanci, ta ɗora tabarau a kan hanci, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana sosa mini rai. Mu a ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi ba wanda ya zo neman 'ya mace don karatu.

Daga baya aka ce gonakin a haɗa su wuri ɗaya, na kowa ne. Sannan jami'ai suka bi gida-gida suna karɓar duk abin da yake ƙarfe, tukwane da wuƙaƙe har da ƙarfen ƙofa, wai za a narka don ƙasa ta yi ƙarfi kamar ta Turawa. Aka ce ba sauran girki a gida, kowa ya je kicin ɗin gari ya ci. Uwarta ta miƙa babbar tukunya, ƙaramar kuwa ta binne ta a bayan ɗaki. Ƙarfen da aka narka ya fito dunƙule-dunƙule, ko fartanya bai yi ba. Shugabannin ƙauye suna tsoron na sama, suka riƙa aika labarin cewa amfanin gona ya ninka, gwamnati ta zo ta kwashi rabonta a kan ƙaryar. Kunun kicin ɗin gari ya koma ruwa. Duk gidan da aka ga hayaƙi ya tashi, an ce ya ɓoye hatsi, a fito da mai gidan a dake shi a gaban jama'a. Sai uwarta ta riƙa jiran ranar ruwa, lokacin da hayaƙi ba ya tashi sama kuma masu sintiri suna fakewa, ta tono tukunyar, ta toshe kafofi, ta dafa musu ɓawon itace da saiwar ciyawa. Mama Lin da wanta suka rayu. Ƙanwarsu ba ta kai kaka ba.

Na san yunwa. Na ga shekarun da shanu suka zube a daji, muka ci dusa da ganyen da a da awaki kaɗai ke ci. Amma tamu daga sama ta zo, ruwa ne bai sauka ba. Ba wanda ya tsaya a ƙofar uwata ya hana ta hura wuta.

Na taɓa tambayarta, "Yaya, kin tsine musu?"

Ta ce, "Wa zan tsine wa, Hajiya? Waɗanda suka ba ubana gona su suka karɓe ta. Malamin da ya koya mini karatu shi ne yake bin gidaje yana shinshinar hayaƙi. Shi ma ɗansa ya mutu."

Abin da na fara yaba mata ke nan. Ba ta ƙara wa labarin gishiri don in ji tausayinta ba, ba ta kuma rage shi don ta rufa wa ƙasarta asiri ba. A nan New York na ga mutane da yawa da suke sayar da wahalarsu, kowa da farashinsa. Ita ba ta sayar da tata ba.

Da azumi ya zo na aika mata kunu da ƙosai, kamar yadda muke ciyayya da maƙwabta. Washegari kwanon ya dawo cike da lemu. Ta ce a wajensu ma kwano ba ya komawa ba komai. Daga nan ta so ta dafa mini, na ce mata gaskiya: tukunyar da ta ga alade ba na ci daga cikinta. Ba ta yi fushi ba. Ta daina sa shi a wannan tukunyar gaba ɗaya, ni kuma na ce sai an wanke ta da ƙasa tukun. Ina za a sami ƙasa a hawa na huɗu? Daga tukunyar da take shuka fure na ɗiba. Tana tsaye tana kallona ina gogawa, sai ta ce, "Goga da kyau, ba ta tsoron ƙasa. Ta fi ki sanin ta." Ranar ce na fara jin dariyarta.

Tana da ɗa guda, Wei. Shi ya fara zuwa karatu, ya sami aikin ofis a Manhattan, ya ɗauko ta bayan rasuwar ubansa. A St. George, a wani tsibiri, yake zaune da iyalinsa, kullum sai ya tsallaka ruwa. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Ya saya mata tukwane masu ƙyalli, ya ce ta yar da wannan tsohuwar mai faci. Bai san komai ba, don ba ta taɓa faɗa masa ba. Na yi mata faɗa a kan haka. Ta ce a zamanin da ta haife shi ana sa yara su tona iyayensu a gaban taro, kuma abin da yaro bai sani ba ba zai faɗa ba. Zamanin ya wuce, bakin bai saba buɗewa ba.

Ranar da za a kwantar da ita a asibiti, ta tsallako da tukunyar a rungume, ta ajiye a kan teburina. Ta ce, "Ki riƙe. In ya tambaya da bakinsa, ki ba shi, ki faɗa masa duka. In bai tambaya ba, kada ki ɗora masa." Ba ta dawo ba. Da Wei ya zo kwashe kaya, ya kawo mini tukwanen masu ƙyalli ya ce in yi amfani da su. Na tsaya ina jira. Ya yi godiya, ya sauka. Kowace salla yana bugo mini waya ya yi mini barka, shekara bakwai, bai taɓa ambaton tukunyar ba.

Na kan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Shagon surukina a titin Concourse, tun daga buta har carbi, daga ƙasarta ake kawo su. A Maraɗi babur da wayar hannu da atamfar da ta kashe mana kasuwar tsohuwar atamfa, duk nasu ne. Wei ya taɓa turo wa Rabi hoton garinsu, ƙauyen nan na ɓawon itace, yanzu dogayen gidaje ne da titi mai fitilu, jikokin wanta kuwa sun yi ƙiba har ana hana su zaƙi. Na san da ta yi murna, don ita ma'auninta ɗaya ne. Duk labarin da ta ji na wata ƙasa, tambayarta ita ce, "Sun ƙoshi?" Sun ƙoshi, Yaya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma Wei ya ce idan yana waya da danginsa ya taɓo wata magana, sai su yi shiru su koma zancen sanyi da zafi. Wannan shirun ba zai zama mata baƙo ba.

Maza suna zama a shagon bayan la'asar suna gardama, wasu na cewa Afirka ta bi hanyar Sinawa kawai, a sami shugaba mai ƙarfi da ba a yi masa musu. Ni ban san gurguzu ba, ban san jari-hujja ba. Na dai ce musu, kafin ku so shugaban da ba a yi masa musu, ku tuna ranar da zai yi kuskure ma ba wanda zai yi masa. Suka ce Hajiya ta fara. Na ce ban ma fara ba.

To bana gwiwoyina sun gama da matakalar ginin nan. Bayan babbar salla zan koma Maraɗi, kuma ba dawowa. Tukunyar ta tsaya mini a rai. In na bar ta, mai kula da gini zai jefa ta a shara. In na tafi da ita, labarin ya bi ni kabari a ƙasar da ba tasa ba. Rabi ta ce, "Inna, ki kira shi ki faɗa masa mana, a wuce wajen." Na ce ke da kika yi boko, ba a koya muku cewa amana da sharaɗinta ake karɓar ta ba? Mama Lin ta ce in ya tambaya. Ba ta ce in na gaji ba.

Amma ba ta hana ni ciyayya ba. Na dafa shinkafa da wake a cikin tukunyar, na ɗaure ta da ɗankwali, Rabi ta raka ni jirgin ƙasa, muka shiga jirgin ruwan nan da ban taɓa shiga ba duk zamana a garin. Na miƙa wa Wei a bakin ƙofarsa. Na ce, "Ɗana, na zo sallama, zan koma gida. Ga abinci. Ka san dai kwano ba ya daɗewa a gidan mutane." Ya ce in shigo, na ce ana jirana. Ban ce masa ko kalma ɗaya a kan tukunyar ba.

Mako ya wuce, shiru. Rabi ta ce ƙila matarsa ta ga baƙar tukunya ta yar. Ni dai abinci bai shiga bakina sosai ba a kwanakin nan.

Ranar Lahadi da azahar na ji sawu a matakala. Ga shi da tukunyar cike da lemu. Na miƙa hannu, bai sake ta ba. Babban yatsansa yana kan facin.

"Hajiya, wannan ba ta mamata ba ce?"

"Ita ce."

"Na ɗauka an yar da ita tuntuni."

"Kai ka ɗauka."

Ya juya tukunyar yana duba facin. Ni kuwa na jira, don na iya. Sannan ya ce, "Me ya sa ta ba ki, ba ta ba ni ba? Mene ne labarin tukunyar nan?"

Na ce, "Rabi, ɗora shayi. Kai kuma cire takalmi ka zauna, maganar da tsawo."

Na faɗa masa duka, yadda ta faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Bai san yana da wata inna, ƙanwar uwarsa, da ta mutu tana ƙarama ba. Ya tambaye ni sunanta, na faɗa masa, don na riƙe shi. Namiji mai furfura a gemu ya zauna a kujerata yana kuka, ban hana shi ba. Da zai tafi na juye lemun a faranti, na miƙa masa tukunyar.

Mama Lin ba Musulma ba ce, kuma malamai sun faɗa mini addu'ar da ake yi da wadda ba a yi. Na bar ta ga Wanda ya halicce ta, ya fi ni sanin abin da ta gani. Ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gadon gona ba. Ta bar ɗa mai gaida manya, da magana ta gaskiya a kan mutanen da suka yi mata alheri suka kuma cuce ta, da tukunyar da gwamnati guda ta nema ba ta samu ba.

Shekaranjiya Wei ya bugo. Ya ce ya soya ganye a cikinta, hayaƙi ya cika gidan, alam ya yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo, dole ya buɗe tagogi duka. Yana ba ni haƙuri kamar wanda ya yi laifi. Na ce masa, ɗana, bar su a buɗe.