Kifin da Mista Dennis Ya Saki

Ranar da aiki ya kai ni bakin kogi a watan Maris ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina jami'ar bita a wata council, wato ƙaramar hukuma, a Manchester, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan council na tura wa mutum mai kula da shi a gida, mu ne ke ziyartarsa mu duba ko har yanzu yana bukata. Abin da muka rubuta shi ke sa a ci gaba ko a yanke.

Wani maƙwabci ne ya aiko mana da hoton Mista Dennis, tsohon direban bas a unguwar Gorton mai ciwon baya. Kullum da safe ana tura masa wata mata ta taya shi wanka da sa kaya. Amma ga shi a hoton tsaye cikin ruwa har cinya, riƙe da sandar fatsa. Shugabarmu ta ce in bincika. Da na je gidansa bai musa ba. Ya ce, "Ki zo ranar Asabar ki gani da idonki." Saurin amsar nan ma bai kwanta mini ba.

Ni 'yar Yawuri ce. A wurinmu wanda ya shiga ruwa da fatsa abinci ya je nema, ko na kasuwa. Don haka tun a mota na gama tsara labarin a kaina, kamar yadda na saba da littattafan da nake karantawa: tsoho mai fuska biyu, yana sayar da kifi a ɓoye, wataƙila har da wata mata da yake yi wa hidima. Malam Bashir, babban abokin aikina, shi ke tuƙi, don doka ba ta yarda jami'i ya je irin wannan wuri shi kaɗai ba.

Ya ce, "Rabi, kin riga kin ɗaura masa aure ke nan. Saura walima."

Na ce, "Malam, ku Kanawa me kuka sani game da ruwa? Ka bar ni da aikina."

Kogin yana cikin tsaunuka a bayan gari. Bishiyoyi ba su fara ganye ba, ruwan baƙi wuluk, sanyi na shiga ta takalmi. Muka tarar da Dennis zaune kan kujerar ninki, 'yarsa durƙushe tana sa masa wandon roba mai kaiwa ƙirji. Ta daɗe tana fama, shi kuma yana cije leɓe. Na ce a raina, ai ya san muna kallo.

Ya buɗe wani ɗan gwangwani ya nuna mini ƙugiyoyi, kowace an ɗaure ta da gashin tsuntsu da zare ta yi kama da ƙwaro. Na ja da baya kaɗan, don sun yi mini kama da kayan boka. Ya ce marigayiya matarsa ce ta ɗaura su, kuma saura kaɗan su ƙare. Zuciyata ta motsa, amma na danne ta.

Daga nan sai zama. Bai shiga ruwa ba, bai jefa komai ba. Malam Bashir ya ƙare shayinsa ya fara nawa. Na tambayi Dennis me yake jira. Ya ce a wannan sanyin kifin da suke kira trout yana kwance a ƙasa, ba ya tasowa sai wajen tsakar rana, lokacin da wasu ƙananan ƙwari ke fitowa saman ruwa na ɗan lokaci.

Wajen azahar kuwa sai ga su, kamar ƙananan kwalekwale masu filafili. Ruwan ya fara yin zobe-zobe, kifaye na tasowa cin ƙwarin. 'Yar ta ɗaga shi, ta riƙe shi ta ɗamara har cikin ruwa, sannan ta matsa gefe ɗaya. Nan na gane inda aka ɗauki hoton, da kuma wadda ba ta fito a ciki ba. Ya kaɗa zaren a iska a hankali, ya sauke shi kamar mai shimfiɗa wa amarya mayafi. Kifi ya kama. Ya jawo shi, mai ruwan zinariya da jajayen ɗigo, ya cire ƙugiyar, ya riƙe shi cikin ruwa, ya buɗe hannu. Kifin ya tafi.

Na ce wa Malam Bashir da Hausa, "Ka gani ko? Don muna nan ya sake shi."

Ya ce, "To tambaye shi mana, 'yar Sarkin Ruwa."

Na tambaya. Dennis ya dube ni kamar na ce ya yanka kyanwarsa. Ya ce a wannan kogin kowa saki yake yi. Ban yarda ba, sai da na taka zuwa wurin wasu masu fatsa a can ƙasa, na ga ba mai kwando ko jaka, na kuma ga ɗayansu ya saki nasa. Kafin in dawo ƙwarin sun ɗauke, an maido da Dennis kujera, fuskarsa ta yi fari fat, ya kasa cire safar hannunsa da kansa.

Na rubuta abin da na gani: doguwar zama, gajeriyar tsayuwa, da hannun 'yarsa a ɗamara. Shugabarmu ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko tsohon ya ba ni tausayi ne. Na ce ta tambayi Malam Bashir. Ta tambaye shi kuwa, a gabana. Ba a yanke masa mai kula ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, zargi ba zai bar ku ba, kuma ku ma za a zarge ku. Abin da na koya shi ne in tambayi wa ke tsaye a gefen hoto, kuma kada in auna mutumin Gorton da mudun Yawuri. Kifin dai har yau ina jin takaicinsa. Da ya isa miyar mutum biyu.