Kwanon Mma Adiza Ba Ya Fita

Ku da kuka zauna unguwar Nima a zamanin nan, wa ya taɓa ganin Mma Adiza ta tsallake rubutun Larabci a ƙasa? Ko da tukunyar koko a kanta, sai ta sa an sauke ta, ta tsince takardar, ta ɗora a goshi, ta cusa a bakin zani. Yayar babanmu ce, a ɗakinta na tashi, don haka na san dukiyar da ke ƙarƙashin gadonta: kwalin dabino, takardar sabulu, da gwangwanayen kifi na Maroko da sauran mai a ciki. Ko alifun ba ta iya ba, amma a wurinta duk rubutun da ya taso daga dama ya nufi hagu, zancen Allah ne.

Da ɓeraye suka mai da ɗakinmu kasuwa, na roƙe ta mu zubar da gwangwanayen. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɓera ma ya san inda albarka take. Ke da kike zuwa makaranta fa?"

Duk wannan wasa ne. Sarkin kayan shi ne wani kwanon tagulla da kakanmu soja ya dawo da shi daga yaƙin Turawa, ya ce ta Masar suka biyo. A bakinsa akwai rubutu a murɗe kamar taliya, ya sha gugar toka har ya kusa shafewa. Malaman unguwa kuwa, masha Allah, kowa da abin da ya gani. Ɗaya ya ce Ayatul Kursiyyu ce. Wani ya ce sunayen As'habul Kahfi ne, har ya nuna mana inda karensu yake. Duk daga nesa suke karatun, don Mma ba ta yarda da alwalar kowa ba sai tata.

Mai naƙuda, mai jarrabawa, mai neman biza, duk ruwan kwanon nan suke sha, kuma ba ta taɓa karɓar ko goro ba. Har wani makanike daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ya zo neman ruwan da zai zuba wa lagireton motar da ta gagare shi. Ta cika masa kwalba, ta ce ya gaya wa motar ta yi bisimilla. Doka ɗaya ce tak: a zo a ɗebi ruwa, amma kwano ba ya fita daga gidan.

Ana nan sai yayana Isiyaka ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa, da gemu da ɗangalallen wando, ya tarar duk Nima ta ɓata ban da shi. Ya ce kwanon shirka ne, ya rantse sai ya jefa shi a babbar gota. Ni dai na san in kwanon nan ya tafi, Mma ba za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Dattawa suka taru a tsakar gida, aka yanke cewa a ba shi ya karanta a gaban kowa. Sai da ta tsaya a kansa ya yi alwala ta gani, sannan ta miƙa masa.

Ya juya kwanon, ya ƙanƙance ido, sai ya fashe da dariya. Ya ce babu aya ko ɗaya. Sunan wani otal ne a Masar, a ƙarshe kuma an rubuta cewa ba a fita da shi daga ɗakin cin abinci. Wato tsohon soja ya ci ya ƙoshi, ya yi gaba da kwanon mutane! Malamin As'habul Kahfi ya sunkuya yana neman takalminsa. Ni ko kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mma ta ce, "Sake faɗin na ƙarshen, ɗana."

"An ce ba a fita da shi, Mma."

Ta juya ga dattawa ta tafa hannu. "To, kun ji! Shekara nawa ina faɗa muku ba ya fita? Ni ban je Makka karatu ba koraa, ko sau ɗaya, amma abin da ke jiki na faɗa. Ba ni kayana." Ta fizge kwanon ta shige ɗaki.

Da shekara ta zagayo, matar Isiyaka ta kwana biyu tana naƙuda a asibitin Maamobi. Da hantsi sai ga shi ya raɓo ƙofarmu da kwalba a cikin aljihun jallabiya, wai surukarsa ce ta matsa, shi ba ruwansa. Mma ba ta ko ɗago daga tace gasara ba. Ta ce, "Wanne za a ba ka, Malam, na famfo ko na otal?" Ya ce a hankali, na otal. Kafin azahar aka haifi mace, kuma ku tambaye shi sunan wa aka sa mata.

Ranar da Mma ta rasu, da kwanon aka zuba mata ruwan wanka. Isiyaka ne ya cika shi ya miƙo wa mata ta bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Aka fita da ita, kwano ya zauna, yana nan har yau a inda ta bar shi.

Allah, baiwarka ba ta iya karanta sunanka ba, amma ba ta taɓa barin abin da ya yi kama da shi a ƙasa ba. Kada ka bar ta a ƙasa. Ka shayar da ita ruwan Alkausara, amin.